Tsakuwar matsarmama: a yi tiyata ko a ci gaba da lallaɓawa?

"Assalamu alaikum likita. Shekarata 41, haihuwata biyar. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da ciwo a saman cikina ta hannun dama, yakan zagaya har baya. Yawanci da dare yake tashi, musamman in na ci abu mai maiƙo. Na sha maganin olsa har na gaji. A azumin da ya wuce sau uku yana tasar mini bayan shan ruwa, na ƙarshen har da amai. Da aka yi mini sikanin aka ce akwai tsakuwoyi da yawa a matsarmamata, babbar cikinsu milimita 12, likita ya ce a cire matsarmamar gaba ɗaya. Ni kuma ina tsoron tiyata. 'Yan'uwa sun ce akwai maganin da ke narkar da su, wasu sun ce in sha man zaitun da lemon tsami. Shin dole ne sai an yi aikin? Kuma mutum yana rayuwa lafiya ba matsarmama?"

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya. Tambayarki ta ƙunshi abu uku: ko tsakuwar ce ke jawo ciwon, ko akwai hanyar rabuwa da ita ba tare da wuƙa ba, da kuma yadda rayuwa take bayan an cire matsarmama. Amsar ta ukun ita ce mafi sauƙi: eh, ana rayuwa lafiya lau ba ita. Sauran biyun ne ke buƙatar bayani. Ban taɓa cikinki ba, ban ga hoton da idona ba, don haka likitan da ya duba ki ya fi ni sanin jikinki. Amma siffar ciwon da kika kawo ta yi daidai da ta wanda aka fi ba wa shawarar tiyata.

Yadda tsakuwar ke samuwa

Matsarmama 'yar jaka ce da ke manne a ƙarƙashin hanta, tsawonta santimita 7 zuwa 10, kuma abin da take ɗauka bai wuce mililita 50 ba. Ba ita ke yin ruwan ɗacin nan ba. Hanta ce ke yin sa, kusan rabin lita zuwa lita ɗaya a kullum, ita matsarmama ajiya kawai take yi tana ƙara masa kauri. Da zarar abinci mai maiƙo ya shiga ƙaramin hanji sai ta matse, ta tura ruwan ta wani siririn bututu zuwa babban bututun da ya taso daga hanta, ya zuba cikin hanji don a narkar da kitse.

A cikin ruwan akwai kolestarol, wato wani nau'in kitse, da gishirin da ke riƙe shi a narke, da wani launi mai suna bilirubin wanda ke fitowa daga tsofaffin ƙwayoyin jini. Idan kolestarol ya fi ƙarfin abin da ke narkar da shi, ko jakar ba ta juye abin cikinta yadda ya kamata, sai ya fara daskarewa, daga laka ya koma yashi, daga yashi ya zama tsakuwa. Mata sun fi maza kamuwa, kuma kowane ciki yana ƙara haɗarin, domin sinadaran goyon ciki suna ƙara kolestarol a ruwan, suna kuma sa jakar kasala. Ƙiba, shekaru daga arba'in zuwa sama, ciwon suga, gado, ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadarin estrojin, da rama ta gaggawa duk suna taimakawa. Akwai kuma baƙar tsakuwa wadda bilirubin ke haifarwa, ita ce muke yawan gani a masu sikila, har da yara, saboda jininsu na saurin fashewa. Ita wannan babu ruwanta da ƙiba ko cin maiƙo.

Me ya sa ake ɗauka olsa ce

A cikin mutum goma masu tsakuwar nan, kusan takwas ba su ma san suna da ita ba, sai dai a gan ta a sikanin da aka yi don wani dalili daban. Irin waɗannan ba a taɓa su, domin a kowace shekara kamar biyu cikin ɗari ne kawai ke fara jin ciwo. Saboda haka ganin tsakuwa a hoto bai isa hujja ba. Sai an tabbatar ciwon da ake ji nata ne.

Ciwon tsakuwa yana da siffarsa. Yana tashi ne lokacin da jakar ta matse, tsakuwa ta toshe bakinta. Ana jin sa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a ƙahon zuci, ya ratsa zuwa baya ko allon kafaɗar dama. Yakan hau cikin 'yan mintuna, ya tsaya cak da ƙarfinsa na rabin awa zuwa awa biyar ko shida, sannan ya sauka a hankali. Mai shi ba ya iya zama wuri ɗaya, ga gumi, ga tashin zuciya, wani lokaci har amai. Canza kwanciya, gyatsa ko zuwa bayan gida ba sa rage shi. Bayan ya wuce mutum ya koma garau na kwanaki ko makonni. Ciwon olsa kuwa ya fi kama da ƙuna ko cizon yunwa, yakan zo kusan kullum, kuma yana lafawa da maganin rage tsamin ciki. To da yake wurin ciwon ɗaya ne, kuma duk ciwon saman ciki a wurinmu sunansa olsa, sai mutum ya shekara yana sayen maganin olsa irin su omeprazole a kemis. Ciwon tsakuwa dama da kansa yake sauka, sai a ce maganin ne ya yi aiki.

Wannan bambancin yana da muhimmanci ga shawarar tiyata. Kumburin ciki, yawan gyatsa, ƙwannafi da jin nauyi bayan cin abinci ba lallai daga tsakuwa suke ba, kuma wanda aka cire wa matsarmama don su kaɗai sau da yawa yakan tashi daga tiyata da abinsa. Ana kuma iya samun olsa da tsakuwa a mutum ɗaya. In kina da alamomin biyu, ki nemi a gwada ki ƙwayar cutar H. pylori mai jawo olsa, in ta kama a leƙa cikin da kyamara kafin a yanke hukunci.

Abin da ya faru da ke a azumi ba baƙon abu ba ne. Jakar ta wuni ba ta juye ba, ruwan ya yi kauri, sai a sha ruwa da ƙosai, soyayyen dankali, ƙwai da farfesun kayan ciki a zama ɗaya. Matsewar da za ta yi a lokacin mai ƙarfi ce, ita ke tura tsakuwa bakin bututu.

Haɗarin jira

Da ciwon ne kaɗai matsalar, da sai a ce wanda zai iya jurewa ya jure. Abin da ke damun likitoci shi ne inda tsakuwar ke iya maƙalewa. In ta toshe bakin jakar ta ƙi komawa, jakar takan kumbura ta kamu da ƙwayoyin cuta. Alamar ita ce ciwon ya wuce awa shida bai sauka ba, ga zazzaɓi, kuma in likita ya danna ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya ce a ja numfashi, sai numfashin ya katse don zafi. In aka yi sakaci jakar na iya cika da mugunya, ta ruɓe ko ta fashe. Masu ciwon suga da tsofaffi sun fi shiga wannan haɗarin, kuma su ciwon ba ya nuna tsananinsa a fili.

In kuwa tsakuwar ta zame ta faɗa babban bututu, ruwan ɗacin ba zai sami hanyar hanji ba, sai ya koma jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. A nan ne ake asarar mutane, domin da an ga ido ya canza sai a ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe. Shawarar da toshewa ta kawo babu saiwar da za ta buɗe ta. In ta haɗu da zazzaɓi da rawar sanyi, ƙwayoyin cuta sun shiga bututun ke nan, kuma wannan na iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, wadda bututunta ke haɗuwa da na ruwan ɗaci a ƙofa ɗaya kafin su shiga hanji. Tsakuwa in ta tsaya a ƙofar nan, gaɓar takan kumbura, da ciwo mai tsanani da ke ratsawa baya da amai ba ƙaƙƙautawa.

Ki lura da wani abu a sakamakonki. Mutane sukan tsorata da babbar tsakuwa, su raina ƙanana. Alhali ƙananan, masu ƙasa da milimita 5, su ne ke iya bi ta bututu su haddasa shawara ko kumburin fankiriyas. Tunda an ce naki suna da yawa, ki tambayi girman ƙananan cikinsu, kada ki tsaya kan mai milimita 12 kawai.

Ga wanda ciwon ya taɓa tasar wa, fiye da rabi yakan dawo musu cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma a kowace shekara mutum ɗaya zuwa uku cikin ɗari sukan faɗa ɗaya daga cikin matsalolin da na lissafa. Wanda sau ɗaya tak ya ji, kuma bai yi tsanani ba, yana da damar jira ya gani, domin kusan kashi ɗaya cikin uku ba ya sake dawo musu. Ke kin wuce wannan matakin. Shekara biyu, kuma sau uku a wata guda, jakar ta riga ta nuna halinta.

Magungunan narkarwa da man zaitun

Gaskiya ne akwai maganin da ke narkar da tsakuwa, sunansa ursodeoxycholic acid. Ana ba da miligiram 8 zuwa 10 a kan kowane kilo na nauyin mutum a kullum, na wata shida har zuwa shekara biyu. Amma sharuɗansa suna da tsauri: sai tsakuwar kolestarol zalla, ƙarama, wadda ba ta yi ɓawon kalsiyam ba, kuma jakar tana matsewa yadda ya kamata. Ko a waɗanda suka cika sharuɗan ba kowa yake wa aiki ba, kuma kusan rabin waɗanda tasu ta narke takan dawo cikin shekara biyar, saboda jakar da ta haifar da ita tana nan. Baƙar tsakuwar masu sikila kam ba ya taɓa ta. Shi ya sa ake ajiye shi don wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba. Ga mai tsakuwoyi da yawa har da mai milimita 12, kuɗin maganin shekara biyu zai tafi ne a kan abin da da wuya ya biya buƙata. Fasa tsakuwa da na'ura daga waje, kamar yadda ake yi wa ta ƙoda, an gwada shi a shekarun 1980, aka kusan watsar da shi saboda tsakuwar na dawowa, ɓaraguzan kuma na toshe bututu.

Man zaitun da lemon tsami kuwa, ina roƙon ki kada ki sha. Washegari mutum yakan ga wasu korayen dunƙule-dunƙule masu laushi a bayan gida, ya yi murna tsakuwa ta fita. Da aka auna irinsu a ɗakin gwaji, sai aka tarar man ne da ruwan lemon suka haɗu da sinadaran hanji suka dunƙule kamar sabulu. Tsakuwar gaske tana da tauri, kuma in aka sake sikanin ana tarar da ita inda take. Ga kuma haɗari: rabin kofin mai a tashi ɗaya shi ne mafi ƙarfin abin da zai sa jakar ta matse, wato daidai abin da ke tura ƙaramar tsakuwa cikin bututu. Magungunan gargajiya da ake cewa suna wanke matsarmama ma babu wanda aka tabbatar yana narkar da tsakuwa, wasunsu kuma suna wahalar da hanta da ƙoda.

Ita kanta tiyatar

Ana cire jakar duka ne da tsakuwar a ciki, ba a buɗe ta a kwashe a mayar, don in an bar ta za ta sake yin wasu. Tsohon aiki ne da aka daɗe da ƙwarewa a kansa: Carl Langenbuch ya fara yin sa a Balin a 1882, sannan Erich Mühe ya yi na farko da kyamara a Jamus a 1985.

A aikin kyamara, bayan allurar barci, ana huda ciki wuri huɗu, kowace huda rabin santimita zuwa santimita ɗaya, ɗaya a cibiya. Ana hura iskar kabon dayoksaid don ciki ya buɗe a ga wuri. Likita zai share kitsen da ke wuyan jakar har sai ya ga abu biyu kacal suna shiga cikinta, bututunta da jijiyar jininta, ya danne kowanne da ƙananan maƙalai, ya yanke, ya ɓanɓare jakar daga jikin hanta ya fito da ita. Yawanci awa ɗaya zuwa biyu ne. Ana sallama a ranar ko washegari, a koma harkoki cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ciwon kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu bayan aikin daga iskar ne, yana wucewa. Aikin buɗewa kuma yanka ne na santimita 10 zuwa 15 a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kwana uku zuwa biyar a asibiti, mako huɗu zuwa shida kafin a warware. Na kyamara ya fi sauƙin jinya, amma ba kowane asibiti ke da kayan ba, an fi samunsa a asibitocin koyarwa da wasu masu zaman kansu. Aikin buɗewa a hannun wanda ya saba ya fi aikin kyamara a hannun wanda bai saba ba. Kuma kamar biyar cikin ɗari na aikin kyamara akan juya shi zuwa buɗewa in an tarar wurin ya manne ko ba a gani sosai. Wannan taka-tsantsan ne, ba kuskure ba.

Tsoronki ba laifi ba ne, aikin yana da haɗarinsa. Akwai zubar jini, ruɓewar rauni, yoyon ruwan ɗaci, da tsakuwar da ta rage a babban bututu. Mafi muni shi ne a ji wa babban bututun rauni, wanda ke faruwa ga kamar mutum uku zuwa biyar cikin dubu, kuma gyaransa babban aiki ne. Abin da ke jawo shi galibi kumburi ne da tabon da ciwo mai maimaituwa ya bari, har sassan su manne a kasa bambance wannan bututu da wancan. A nan ne lissafin jira yake juyewa: duk tashin da ciwon ya yi yana ƙara tabo, aikin da za a yi cikin natsuwa da rana ya koma na gaggawa a kan jaka mai mugunya. In kumburin ya riga ya faru, an fi son a yi aikin cikin kwana uku na farko, ko dai cikin mako guda, in ba haka ba a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta a jira kamar mako shida. In akwai tsakuwa a babban bututu, akan fara ciro ta da kyamarar da ake zurawa ta baki, aikin da ake kira ERCP, sannan a cire jakar.

Bayan an cire, hanta na ci gaba da aikinta, ruwan ɗacin yana gangarawa hanji kai tsaye a hankali maimakon a tara shi. Yawancin mutane suna komawa cin abincinsu na da cikin 'yan makonni. Kamar ɗaya cikin goma ko sama da haka sukan yi fama da sakin ciki, wato gudawa, musamman bayan cin maiƙo, yawanci ya daidaita cikin watanni, in ya ƙi akwai maganin cholestyramine da ke kama ruwan ɗacin a hanji. Cire ta ba ya hana haihuwa, ba ya hana azumi, ba ya rage kwana. A makonnin farko ki guji ɗaukar bokitin ruwa, daka da goyo, sallah kuma ki yi a zaune har sai sujada ta daina ja miki ɗinki. Zazzaɓi, ciwon da ke ƙaruwa, kumburin ciki ko rawayar ido bayan aiki ba na jiran ranar komawa asibiti ba ne, a koma a ranar.

Kafin ranar aiki

Abinci ba ya narkar da tsakuwa, amma yana rage tashin ciwon. Ki rage suya, man shanu, kitse, fatar kaza, ganda, tsire mai ƙuli da miyar da mai ke yawo a kanta. Ki koma dafaffe da gasasshe, kifi, wake, ganye irin su zogale da alayyafo, ki ci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar maimakon cika ciki sau ɗaya da dare. Kada ki daina cin mai kwata-kwata, jakar da ba ta matsewa ta fi tara laka. In za ki rage ƙiba, kada ya wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. In azumi ya riske ki kafin aikin, kada ki bar sahur, ki buɗe baki da dabino da ruwa da kunu, ki dakata kafin abinci mai nauyi, in kuma ciwon ya tashi ki san mara lafiya yana da rangwame. In ciwo ya zo, diclofenac ko ibuprofen sun fi maganin olsa aiki a kansa, amma ba a shan su in akwai olsa ta gaske, ciwon ƙoda ko juna biyu, don haka likitanki ne zai zaɓa miki.

Abu biyu na iya sa a gaggauta. In kina da niyyar sake haihuwa, gara a yi kafin ciki, domin ciwon yakan tsananta a goyon ciki, ko da yake in ta kama ana yin aikin, an fi so a watanni uku na tsakiya. Haka in kina shirin Hajji ko Umara, kada ki tafi da jakar da ke tashi sau uku a wata.

Idan za ki koma wurin likitan tiyata, ki tafi da takardar sikanin, ki tambaye shi kaurin bangon jakar da faɗin babban bututu. Bango mai fiye da milimita 3 yana nuna kumburi, bututu mai fiye da milimita 6 kuma yana sa a yi zargin tsakuwa ta sauka ciki, a nemi hoton MRCP, wani hoto na musamman da ke nuna bututun ruwan ɗaci. In an yi sikanin ne bayan kin ci abinci, a sake shi bayan awa shida zuwa takwas ba ci, don jakar da ta matse ba ta nuna gaskiyarta. A yi gwajin aikin hanta, yawan jini, suga, rukunin jini da jinotayif. Ki faɗa masa duk maganin da kike sha, har na gargajiya da asfirin, ki kuma tambaye shi kai tsaye sau nawa yake yin irin wannan aikin, da inda zai tura ki in an tarar da tsakuwa a babban bututu.